Guguwar da Ba a Ƙirga Ba

Mus'ab da Hauwa, wannan babin naku ne. Yayarku ba ta buƙatarsa, don ta san abin da ke ciki tun kafin in ɗauki biro. Ku ne kuka tashi da labarin da ba haka yake ba, kuna gaya wa mutane cewa wata muguwar malama ce ta hana Yayarku tafiya karatu waje a shekarar da kowa ya sa rai. Na sha jin Hauwa tana ba da labarin a waya har da tsaki. Malamar nan ba ta cuci kowa ba. In akwai wanda ya yi cuta, to a gidanmu na unguwar Murabba a Riyad yake, hawa na biyu, kuma shi ne yake tuƙa muku tuwo.

Kun san na yi jami'a, amma ban taɓa gaya muku irin yin da na yi mata ba. Ƙididdiga na karanta, wato ilimin tara lambobi a titsiye su har su faɗi abin da suke nufi, kuma ba yabon kai ba, a ajinmu maza ne suke layin aron littafina. Malaminmu wani dattijo ne mai gajen haƙuri, wanda yake yaga duk shafin aikin da ba a rubuta kwanan wata a samansa ba. Shi ya kira ni ofis ya ce in zauna in ci gaba, za a ɗauke ni koyarwa. A lokacin an riga an sa ranar aurenmu da Abbanku, kuma kada wani ya ce muku dole aka yi mini, ni na gan shi na ce ina so. Ya samu aikin fassara a wani kamfanin gine-gine a Riyad, na biyo shi da ciki wata biyar. Ranar da aka kawo iƙamata, katin izinin zama, na ce ya karanta mini abin da aka rubuta a jiki. Ya karanta yana dariya: mai rakiya ce, ba a yarda ta yi aiki ba. Ni ma na taya shi dariyar, don a zatona shekara biyu za mu yi mu koma. Daga nan duk ƙididdigar da na yi ba ta wuce sanin kwana nawa tulun gas yake yi ba, da wanda ya fi cin burodi tsakanin Mus'ab da Abbansa.

Cikin da na zo da shi shi ne Yayarku. Ni kuwa 'yar ƙauye ce ta gaske a wannan fannin, an raine ni a gidan da uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa ko da ya taɓo sama. Kunya ce, kuma a wurinmu ado ce ga mace. Ko yanzu da nake rubutu hannuna yana nauyi, amma zan rubuta sau ɗaya saboda jikoki: Safiyya. A gida «ke» nake ce mata, in ba ta nan in ce «yarinyar nan». A garinmu ba wanda zai ga aibin haka, don akwai kaka da goggo da inna da za su ɗauki yaro su cika shi da gata. A Murabba babu kaka, babu goggo. Akwai dai maƙwabciyarmu Balarabiya da take sumbatar 'yarta a bakin lif tana kiranta da sunaye masu daɗi, Yayarku tana tsaye da jakar makaranta tana kallo. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Ta karɓa a kan haka muke, kamar yadda ta karɓi daddawa a miya.

Yaushe abin ya fara shiga raina, ba zan iya cewa ga ranar ba. Na dai san lokacin da ta fara digiri na biyu a fannin muhalli, na kan tsaya a tagar kicin da safe in ga Abbanku ya riƙe mata jakar kwamfuta har mota, mutumin da tunda muka zo ƙasar nan bai taɓa karɓar ledar cefane daga hannuna ba. Ya daina kiran sunanta ma, sai Duktura, wato Dakta a Larabce, tun ba ta kai ko'ina ba. Ta fita cikin abayarta tana sauri, tana da inda ake jiranta, ni kuwa ba abin da yake jirana sai kwanukan karin kumallo. Ina sonta, Allah shaida ne. Amma ina jin ƙyashinta, irin ƙyashin da ban taɓa yi wa wata mace a duniya ba, kuma ba ni da wanda zan gaya wa, don wace uwa ce za ta buɗe baki ta faɗi wannan?

Aikin da ta zaɓa a kan guguwar teku ne, irin mahaukaciyar nan da take tasowa daga tsakiyar ruwa ta faɗa wa garuruwan gaɓa. Ta ɗauki bayanan Tekun Atlantika, don su ne suka fi daɗewa ana tarawa, tun zamanin kakannin kakanninmu. Ta zuba su a kwamfuta, ta fitar da zane: shekaru a ƙasa, yawan guguwa a gefe, ga layi yana hawa kamar matakalar bene. Abin da take so ta nuna shi ne ɗumamar duniya ta sa guguwa ta ƙaru. Za ta gabatar a gaban malaman sashensu, kuma a ranar ne za su zaɓi ɗaliba ɗaya da za su tura sunanta don gurbin digiri na uku a waje. Abbanku ya sa ta buga zanen a takarda, ya manna a ƙofar firij da kansa.

Ya kuwa samu makami. Duk Juma'a bayan masallaci abokinsa Alhaji Ɗanjuma, direban tankar mai da yake zaune a unguwar Manfuha, yakan zo cin shinkafa, kuma shekara da shekaru musunsu ɗaya ne. Abbanku ya ce duniya tana ɗumama, Alhaji Ɗanjuma ya ce ƙaryar Turawa ce don a daina sayen mai. Wannan Juma'ar Abbanku ya ɓamɓaro takardar ya kai masa har kan ledar cin abinci.

«To Alhaji, yau sai ka musa wa lissafi. Ga shi nan, Duktura ce ta fitar.»

«Ni fa Malam, a hamada nake tuƙi,» in ji Alhaji Ɗanjuma yana gyara lomarsa. «Zafin bana da na bara duk uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Amma tunda 'yata ce ta zana, na yi shiru.»

Da aka mayar da takardar ƙofar firij ne na tsaya na dube ta da kyau, tumatir a hannuna. Ban yi minti biyu ba tambaya ta faɗo mini: a wancan zamanin, wa yake ƙirgawa? Yau tauraron ɗan'adam yana sama, ko guguwa ta tashi da safe ta mutu da yamma a tsakiyar teku sai an gan ta an rubuta. A da kuwa sai in ta faɗa wa gari, ko wani jirgin ruwa ya yi rashin sa'ar shiga cikinta ya kuma tsira ya ba da labari. Wadda ta tashi ta mutu ba wanda ya gani, babu ita a littafi. A ƙauyenmu ma kafin a buɗe ɗakin shan magani ba mai hawan jini, da aka kawo abin awo sai ga shi a kowane gida. Layin nan da yake hawa, wani ɓangarensa, wataƙila ma mafi yawansa, ba guguwa ba ce ta ƙaru, masu kallo ne suka ƙaru. Gabana ya faɗi saboda ita, kuma a daidai lokacin na ji wani daɗi ya ratsa ni, don ashe kan nawa bai mutu ba.

Ku yarda da ni, na yi niyyar faɗa. Bayan magariba na same su a falo ita da Abbanku, tana gwada masa yadda za ta yi bayani. Na tsaya a bakin ƙofa da tiren shayi, ban kalle ta kai tsaye ba, yadda na saba.

«Ke, waɗannan lambobin na shekarun farko, daga ina aka samo su?»

«Daga ma'ajiyar bayanai, Umma. Kowa da su yake aiki.»

«Na ce wa ya ƙirga su a lokacin?»

Ta yi dariya, ba ta raini ba, dariyar yarinyar da hankalinta yake wani wuri.

«Umma, ya'ani, ba kamar zamaninku ba ne da ake yi da fensir. Yanzu kwamfuta tana yin komai. Halas, an gama wannan.»

Abbanku ya karɓi kofinsa ya ce, «Maman Mus'ab, bar masu ilimi su yi aikinsu. Wannan kan nawa ta ɗauko, ba ki gani ba?»

Wasa yake yi, na sani. Da na ajiye tiren na zauna na ce ku saurara, da sun saurara, don Yayarku ba ta da girman kai. Amma ban zauna ba. Na ce a raina, to, tunda masu ilimi ne, su gano da kansu. Na koma kicin na wanke tukunyar da na riga na wanke. Saura mako uku a yi taron.

Washegari da hantsi, gida ya watse, na ga ta bar jadawalin lambobinta a bugu a kan teburin falo. Na ɗauko wani sabon littafin rubutu cikin na makarantar Hauwa, da tsohuwar kalkuletar Mus'ab, na zauna a teburin kicin. Na rubuta kwanan wata a saman shafin farko, hannuna ne ya yi da kansa, ban ma san na yi ba. Na ce bari in duba kawai in tabbatar. Abin da ya ɗauke ni ke nan har mako biyu, kullum daga fitarku zuwa kiran azahar. Na raba shekarun gida biyu, kafin tauraron ɗan'adam da bayansa. Na ware ƙananan guguwar nan masu gajeren rai, waɗanda a da ba yadda za a yi a gan su. Na koma na ɗauki waɗanda suka sauka a gaɓar da mutane suke zaune tun da can, don su kam ko babu na'ura an san da zuwansu. Duk ta inda na bi, matakalar benen nan sai ta kwanta, ta zama hawa da sauka, wasu shekaru da yawa wasu kaɗan, ba wani hawan da mutum zai dafa ƙirji ya rantse a kai. Amma da na bar tambayar nawa ne na koma tambayar yaya ƙarfinsu, sai na ga alamar wani abu a shekarun baya-bayan nan: cikin waɗanda suke tasowa, kason masu tsananin ƙarfi kamar yana ƙaruwa. Nan ne maganar take. Yarinyar nan tana da gaskiya a kan ɗumamar duniya, shaidar da ta kira ce ba ta ga komai ba.

Ban taɓa jin daɗin zama a Riyad kamar waɗannan makonni biyu ba, kuma wannan ma wani abin kunyar ne. Miya ta ƙone sau biyu. Ina aiki ina magana ni kaɗai, ina jin kamar dattijon nan yana tsaye a kaina yana gyaɗa kai. In na ji motsin lif sai in tura littafin bayan buhun shinkafa. Kullum ina cewa gobe zan ba ta, kullum kuma in ta dawo Abbanku ya tare ta da «sannu Duktura», sai in ji goben ta ƙara nisa. Na riƙa kawo wa kaina dalilai. Na ce ai tana da mai duba aikinta a makaranta. Na ce wataƙila ba wanda zai lura. Na ce ni da 'yar fari, ina ni ina zama da ita kai da kai muna musu. Wannan na ƙarshen shi na fi riƙewa, don ya fi kyan gani.

Ana saura kwana biyu, ƙawata Hajiya Laraba ta zo daga Manfuha da turaren wutar da na ce ta haɗa mini. Ta ga zanen a firij ta tafa hannu.

«Ikon Allah! Maman Mus'ab, wannan 'yar taki ai ta fitar da mu kunya a ƙasar mutane. Ke ko murmushi ba za ki yi ba?»

«Allah dai ya yi musu albarka gaba ɗaya,» na ce.

«Kai, ke dai akwai alkunya. Wallahi irinku sun ƙare. Matan yanzu da tuni sun cika waya da hotuna.»

Na sunkuyar da kai na karɓi yabon. Littafin yana bayan buhu, bai fi taku uku daga inda take zaune ba.

Ranar taron ni na goge mata abaya. Ta shirya tun da sassafe, ta kasa cin komai. A bakin ƙofa ta juyo ta kama kaina ta sumbata, irin na Larabawa, abin da takan yi in tana cikin tsoro.

«Umma, ki yi mini addu'a.»

«Allah ya ba da sa'a,» na ce.

Ko a lokacin ban makara ba. Jumla ɗaya ta isa: in an tambaye ki lambobin da, ki ce kin san ba su cika ba, kuma za ki gyara. Da wannan kaɗai ta tsira da mutuncinta. Na ji Abbanku yana danna hon a ƙasa, na miƙa mata jakarta, na rufe ƙofa.

Da la'asar suka dawo. Ta wuce ɗaki ba ta cire takalmi ba. Abbanku ne ya tsaya a tsakiyar falo yana faɗa, ku biyu kuna zaune kun yi tsuru-tsuru, kuma daga bakinsa kuka ɗauki labarin da kuke bayarwa har yau. Wai wata tsohuwar malama ce, ba ma ita take duba aikin ba, ta bari yarinya ta gama bayani tsaf sannan ta ɗaga hannu ta yi tambaya ɗaya, ta rusa komai. An ce a sake aikin daga tushe, gurbin kuma an ba wata.

«'Yan mai ne!» in ji shi. «Duk irin su Ɗanjuma ne masu digiri. Ba sa so a faɗi gaskiya, shi ke nan.»

Sai ga ta ta fito, idanu sun kumbura.

«La, Abba, ba haka ba ne. Ita ma ta ce duniya tana ɗumama, ba ta da shakka. Cewa ta yi in na kawo hujja mai rauni, masu musu za su karya ta, sannan su ce duk maganar ƙarya ce. Tambayata ta yi, wa yake ƙirga guguwa kafin a harba tauraron ɗan'adam. Na tsaya kamar gunki, Abba. A gaban kowa.»

Ina bakin ƙofar kicin. Zan faɗa muku abin da na ji, don saboda shi nake wannan rubutun. Kafin tausayi ya zo, wani sanyi ne ya fara sauka a ƙirjina, na ce a raina, tambayata ce, kalma da kalma. Bai daɗe ba, ko numfashi uku bai kai ba, sai na ga yadda take murɗa bakin mayafinta kamar lokacin da take 'yar firamare, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ita ba ta tuna na taɓa yi mata tambayar ba. Abbanku ma bai tuna ba. Da na bar shi a haka, da har in mutu ba mai sani.

Kwana huɗu ba ta je makaranta ba. A na biyar da hantsi ina gyaran alayyafo ta shigo kicin ta ja kujera ta zauna, abin da ba ta saba ba.

«Umma, ke ƙididdiga kika karanta, ko? Abba ya ce kin iya sosai a da.»

«An dai taɓa.»

«Ban san ta inda zan fara ba. Kwamfuta tana ba ni duk abin da na tambaye ta, amma ban san me zan tambaya ba. Ki koya mini, don Allah.»

Shekara ashirin da wani abu ina jiran wani a gidan nan ya faɗi wannan maganar. Hankalina ya gushe. Da ina da wayo ko na mugunta ne, da na ɗauko farar takarda mun fara tare kamar yau na fara gani. Amma so nake a gani, so nake a san abin da na iya. Na goge hannuna a zani, na tura hannu bayan buhun shinkafa, na ajiye littafin a gabanta.

Ta buɗe. Ta riƙa bin layukan da yatsa, tana juya shafi, bakinta a buɗe.

«Umma! Ke kika yi wannan? Da hannu? Kin raba shekarun... kin cire ƙananan... Subhanallah, har da na ƙarfinsu! Wannan ai shi ne abin da malamar nan take nufi. Umma, ke ce ya kamata ki tsaya a gabansu, ba ni ba.»

Ban taɓa jin magana mai daɗin wannan ba, kuma ban kai ga haɗiye ta ba na ga yatsanta ya tsaya a saman shafi. Ta koma shafin farko. Ta dawo na ƙarshe. Ta ɗaga kai ta dubi kalandar da take rataye kusa da firij, ta sake duban littafin. Dattijon nan ya koya mini aiki da kyau, babu shafi ɗaya da ban sa wa kwanan wata ba.

«Wannan kafin ranar ne,» ta ce a hankali.

Na mayar da idona kan alayyafon.

«Kin gama shi saura mako guda. Kin sani, Umma. Kin goge mini abaya kin sani.»

«Ke 'yar fari ce,» na ce. «A wurinmu uwa ba ta zama da...»

«La.» Ba ta ɗaga murya ba. «Kunya ta hana ki faɗin sunana, na yarda, ban taɓa cewa komai ba. Amma in na sa gishiri ya yi yawa a miya kina faɗa. In na bar takalmi a hanya kina faɗa. Wannan ne kawai kunya ta hana?»

Ba ta jira amsata ba. Ta rufe littafin, ta daidaita shi da gefen tebur, ta tura mini shi gabana da yatsu biyu. Na ce ta ɗauka, nata ne, don ita na yi. Wannan ma ƙarya ce, kuma ta sani. Ta miƙe ta mayar da kujerar inda take ta fita.

Ba ta gaya wa Abbanku ba, har ya koma ga Allah bai sani ba. Ba ta gaya muku ba. Ba ta daina gaishe ni da safe ba, ba ta daina taya ni aiki ranar Juma'a ba, wanda ya shigo gidan ba zai ga komai ba. Abu ɗaya ne ya canja: ba ta ƙara barin ko takarda ɗaya a falo ba, in za ta fita sai ta kulle ɗakinta. Ta koma wurin malamar nan da kuke zagi ta roƙe ta ta karɓi duba aikin, ta fara daga farko ita kaɗai. Abin da na yi a mako biyu da kalkuleta ya ɗauke ta wata bakwai, don sai da ta koyi abin da ni na riga na sani. Ina jin ta ta bango tana jan tsaki in abu ya cije, ina zaune da amsar a cinyata, ba halin in ƙwanƙwasa. Na gane a lokacin cewa ƙyashin bai tafi ba ma, ya dai samu abokin zama. Ina kishin malamar da take zuwa wurinta da tambayoyin da ni ya kamata a kawo wa.

Shekara ta zagayo ta sake gabatarwa, wannan karon an yarda iyaye mata su shiga. Na zauna a baya cikin abayata ina kallon zane bayan zane. Inda na bi ta bi, inda na tsaya ta wuce, don ta kawo maganar ruwan saman da guguwar take zubarwa, abin da ni ban yi tunaninsa ba. Ta faɗi abin da lambobin suka nuna, ta faɗi inda suka yi shiru, ba ta ƙara musu ko gishiri ba. An tafa mata sosai. Gurbin waje kam ya wuce, ba a sake buɗe irinsa ba sai bayan ta yi aure, digirinta na uku a nan ta yi shi daga baya da goyo.

Da aka tashi ta zo ta kama hannuna ta kai ni gaban malamar. Wata 'yar tsohuwa ce ƙarama mai tabarau, fuskarta cike da fara'a. Ta riƙe ɗaya hannun nawa ta yi mini barka, da Larabci mai sauƙi yadda zan gane. Ta ce ta daɗe tana koyarwa, kuma irin idon da yarinyar nan take da shi a kan lambobi ba a aji ake samunsa ba, yawanci daga gida ake tasowa da shi. Sai ta dubi Yayarku ta tambaya, ko akwai mai lissafi a gidanku?

Na buɗe baki. Na ji yatsun Yayarku sun ɗan matse nawa.

«Babu, Duktura,» ta ce, tana murmushi.

Malamar ta ce to baiwa ce daga Allah, ta juya wurin wasu. Muka fito tare har bakin titi inda Abbanku yake jira, hannuna yana cikin nata, ba ta sake shi ba. Ba ta taɓa yi mini rashin kunya ba a rayuwarta, kuma ranar ma ba ta yi ba. An tambaye ta ne ta ba da amsa daidai da abin da ta gani.

Don haka ku bar baiwar Allah nan ta huta, ku daina kiran ta muguwa. Kada kuma ku kira Yayarku a kan wannan maganar, ta rufe ta da hannunta, ba ku ne za ku buɗe mata ba. In akwai mai tambaya a cikinku, ni zai tambaya, ina nan tukuna.